DAGA BAKIN TEKU: "A Kawo Shi" Ba Ta Da Wuyar Faɗi



Makon jiya wasiƙa ta iso mini daga wani bawan Allah mazaunin unguwar Sabo ta Ibadan. Ya roƙe ni kada in ambaci sunansa, ni ma ban ga abin da ambaton zai ƙara ba. Ya ce wansa da ke zaune a Zangon Kumashi, can ƙasar Gana, yana da 'ya 'yar shekara 11 wadda ta fi shekara guda tana fama da rashin lafiya. "Sun ce ciwon zuciya ne," in ji shi, kuma abin da aka nema ya fi ƙarfin uban nesa ba kusa ba. Saboda haka ya ƙudura niyyar aikawa a kawo ta nan Nijeriya ya nema mata magani. Yana so in gaya masa takardun da a ke bukata a kan iyaka, da kuma asibitin da ya fi dacewa.

Malam, tambayoyinka biyu ne, kuma duk cikin al'amarin nan su ne masu sauƙi. Zan amsa maka su. Amma ka yi haƙuri in fara ba ka labarin abin da ya same ni, gama kayan da ka ke shirin ɗauka na riga ka ɗauka, har yau kuwa ban sauke ba.

Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda aure ya kai ta wani ƙauye a bayan Maraɗi. Wanda ya san ƙasarmu ba zai yi mamaki ba. Tsakanin Katsina da Maraɗi bai cika kilomita 100 ba, kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da wani nasa a ɗaya gefen. Mu ba mu taɓa ɗaukar can a matsayin ƙasar waje ba, sai ranar da aka rufe iyaka mu ke tunawa. To, an kuwa rufe ta, bayan juyin mulkin da soja su ka yi a Yamai ranar 26 ga Yuli, 1923 ba, 2023 na ke nufi, domin mu tsofaffi shekaru sun fara haɗe mana. A cikin watannin nan na rufewa ne ta bugo mini waya wata rana bayan isha'i.

Ta ce, "Yaya, yaron nan ba ya iya kwanciya. In ya kwanta numfashi ke gagararsa, sai dai ya kwana a zaune. Ƙafafunsa sun kumbura. Mun je likita, lokotoro ya ce zuciya ce, sai an yi aiki." A can, ga wanda bai sani ba, asibiti shi a ke kira likita, likitanmu kuma shi ne lokotoro. Na tambaye ta nawa aka ce. Ta faɗi wani adadi na sefa, sa'an nan ta yi shiru, sai shessheƙa na ke ji.

Ban numfasa ba. Ban tambayi kowa ba. Ban ko ɗaga labule na shawarci uwargida ba, alhali tana nan cikin ɗaki tana ji. Na ce, "Share hawayenki. Da an buɗe hanya ki kawo shi. Ikko ce nan, ba abin da babu."

Na daɗe ina tambayar kaina abin da ya fitar da wannan magana daga bakina da sauri haka. Akwai tausayi, wannan ba shakka, ɗan ƙanwarka ɗanka ne. Amma in zan faɗi gaskiya akwai kunya, akwai kuma 'yar fahariya. Mu mazauna kudu mun daɗe muna barin mutanen gida cikin wani zato. Mu kan je Salla da babbar riga mai aiki, mu raba 'yan sababbin takardun kuɗi, ba wanda ya san ɗaki biyu mu ke haya, ko kuwa rigar nan wata uku aka yi ana biyanta. Ranar da aka nemi ka tabbatar da zaton nan, sai bakinka ya yi nauyin cewa ba ka iyawa.

A watan Maris na 2024 aka buɗe iyaka. Su ka biyo ta Ɗan Isa su ka shigo Jibiya, su ka wuce Katsina, su ka kwana Kano, kana su ka hau motar dare zuwa Ikko, tafiyar kusan kilomita dubu. Yaro ɗan shekara 13 wanda zuciyarsa ta gaza, shi aka tura cikin mota ya yi dare da yini a takure. Da na je tarbarsu a tasha sai da na ɗauke shi a kafaɗa, leɓunansa sun sake launi. Wannan shi ne kuskurena na biyu. Sun wuce Kano, inda akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da likitocin zuciya, inda kowa zai ji harshen uwar, inda uban zai iya zuwa ya koma cikin kwana biyu. Na kawo shi inda ni na ke, ban tsaya na tambayi inda ya fi masa sauƙi ba.

Bari in sallame ka game da takardu tun yanzu, don ba su da yawa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, muddin yana da takardar tafiya ingantacciya da ta allurar rigakafi. Gana tana cikin ƙungiyar, saboda haka ta wannan fuska ba ka da matsala. Nijar da Mali da Burkina Faso ne su ka fice a watan Janairu na 2025, ko da ya ke a lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanensu suna shige da fice har sai an sake sanarwa. Abin da mutane su ka fi mantawa shi ne takardar amincewar uba. Yarinya ƙarama tare da wanda ba mahaifinta ba, a zamanin nan na safarar yara, ma'aikatan kan iyaka suna da haƙƙin su tsare su su yi tambaya, kuma ba laifi su ka yi ba. Bugu da ƙari, babu likitan da zai sa wuƙa a jikin yaro sai wanda ke da iko a kansa ya sa hannu. Ka kuma sa a zo da duk wata takarda da aka taɓa ba ta a asibiti, har ta sayen magani. Namu da Faransanci aka rubuta su, sai da na nemo wani malamin makaranta ɗan Kwatano ya fassara mana.

Likitan da ya duba yaron ya ɗora masa na'urar nan ta hoton zuciya da su ke kira eko, ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya juyo ya ce in tambayi uwar, shin ya taɓa yin ciwon maƙogwaro mai tsanani da zazzaɓi, daga baya gaɓoɓinsa su ka yi ta ciwo, yau gwiwa gobe idon sawu? Ta ce ƙwarai kuwa, tun yana ɗan shekara 8, kuma ba sau ɗaya ba. An kai shi wurin wanzami ya cire masa hakin wuya. Ciwon gaɓoɓin kuma aka ce sanyi ne, aka jiƙa masa saiwa.

Zan tsaya a nan kaɗan, domin abin da likitan ya bayyana mana ya kamata kowane magidanci ya ji shi. Akwai wata ƙwayar cuta da ke kama maƙogwaron yara, galibi 'yan shekara 5 zuwa 15, musamman inda a ke kwana da yawa a ɗaki ɗaya. Idan ba a kashe ta ba, bayan mako biyu ko uku sai dakarun jiki da su ka tashi yaƙarta su rikice, su auka wa jikin da su ke tsaro, watau gaɓoɓi da zuciya. Ciwon gaɓoɓin ya kan wuce. Na zuciyar shi ne mai zama. Zuciya tana da ɗakuna huɗu da ƙofofi huɗu, kowace ƙofa da ƙyaurenta, ya buɗe jini ya wuce, ya rufe kada ya dawo, kamar dai bawul ɗin tayar keke. Duk sa'ad da ciwon ya dawo sai ya bar wa ƙyauren tabo, har ya kai ga ya ƙage ya ƙi buɗewa sosai, ko ya saki ya ƙi rufewa. Daga nan jini ya riƙa komawa baya, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu, yaro ya kasa kwanciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum fiye da miliyan 40 ke ɗauke da wannan ciwo, kuma yana kashe fiye da 300,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a ƙasashen matalauta. A Turai da Amurka ya kusa zama labari. Maganinsa tun yana maƙogwaro kuwa ba wani abu ba ne illa fenisilin, ko dai a sha kwana goma, ko allura guda. Kuɗinsa bai kai na kaza ba.

Ƙanwata ba ta ce uffan ba da na fassara mata. Ni ma na so a ce ban fassara duka ba.

Sa'an nan aka rubuta mini adadin kuɗin aikin a 'yar takarda. Ba zan faɗe shi ba, gama farashin bara ba shi ne na bana ba, kada in ruɗe ka. Na dai yi lissafi a tsaye, na ga ko da zan daina ci da sha da biyan haya, albashina na shekara uku bai kai ba. Kada kuma a ce likitoci ne su ka cika son kuɗi. Aikin buɗe zuciya ba baƙo ba ne a ƙasar nan, tun 1974 aka fara yinsa a asibitin koyarwa na Inugu. Amma ƙyauren da za a sa, da bututun na'urar da ke riƙe jini da numfashi sa'ad da aka tsayar da zuciya, har zaren ɗinki, kusan duk daga waje a ke sayo su da dala. Naira kuwa, tun da aka sake ta a watan Yuni na 2023, ta tashi daga wajen 460 a kan dala ɗaya ta haura 1,500 a farkon 2024. Har abin ya zama abin dariya mai ciwo. Da, mu ne mu ke aika wa mutanen Maraɗi kuɗi ana sa mana albarka. A shekarar nan jaka ɗaya ta sefa ta fi naira dubu biyu, ga ni kuma ni ne attajirin da aka taso wurinsa.

Mutum zai ce, ina hukuma? Akwai dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 wadda ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. An kuwa karɓe shi, aka ba shi maganin da ya janye ruwan, ya sami barci a kwance karo na farko cikin watanni. Amma sauya ƙyaure ba ya cikin wannan lissafi. Akwai kuma dokar inshorar lafiya ta 2022 wadda ta wajabta inshora a kan kowa, sai dai har yanzu cikin kowace naira 100 da a ke kashewa kan lafiya a ƙasar nan, fiye da 70 daga aljihun majinyaci da danginsa su ke fita. A nan Abuja shugabannin Afirka su ka taru a 2001 su ka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu domin lafiya. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba, ta fi tsayawa a wajen kashi biyar. Masu rattaba hannu a kan kasafin, in kansu ya yi ciwo, jirgi su ke hawa.

Wani abokin aikina ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ka rubuta shi cikin 'ya'yanka mana. Wa zai sani?" Domin inshorar ma'aikata ta kan ɗauki mutum da matarsa da 'ya'yan cikinsa huɗu. Zan so in ce tsoron Allah kaɗai ya hana ni. Gaskiya sai da na je gida na karanta takardar tukuna, na tarar ko ɗan cikina ne irin wannan aiki ba ya ciki, sa'an nan na tuna ƙarya haramun ce.

Daga nan aka shiga bara, don ba ta da wani suna. Liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Mahautan Agege su ka yi karo-karo, 'yan goro su ka yi, 'yan canji su ka yi. Wani ɗan dako da ban san sunansa ba ya tsare ni a bakin masallaci ya danƙa mini abin da na tabbata shi ne cinikinsa na ranar. Wani malami ya tunatar da masu hali cewa cikin mutum takwas da Alƙur'ani ya ambata a rabon zakka akwai matafiyi, akwai wanda bashi ya danne, ga su kuwa duk biyu a gida ɗaya. Allah Ya saka wa kowa da alheri. Amma wanda bai taɓa yin wannan ba ya sani alkawari ya fi kuɗi yawa. Waɗanda su ka fi ɗaga murya ran sanarwa su ne wayarsu ta daina shiga. Can gida kuma ƙanwata ta sa aka sayar da awakinta da 'yan kunnenta na aure, mijinta ya jinginar da gonarsa.

Akwai abu ɗaya da na yi wanda har yau in na tuna sai in ji nauyi. Yaran unguwa su ka ce a ɗauki hotonsa mai motsi a watsa a Facebook da WhatsApp, an fi tausayawa in an gani. Na yarda. Aka tuɓe masa riga, aka nuna haƙarƙarinsa da yadda ƙirjinsa ke bugawa. Kuɗi sun shigo, ba zan musa ba. Amma ba wanda ya tambaye shi ko ya yarda, ɗan shekara 13 kuwa ya san kunya. Bayan kwana biyu ya daina fita ƙofar gida.

Ɗakinmu biyu ne, bangon kuma bai hana magana wucewa. Duk lissafin da mu ke yi da dare, na nawa aka samu, nawa ya rage, wa za a sake tunkara, ashe yana kwance yana ji. Wata rana ina ba shi magani sai ya ce, "Kawu, in na koma gida a fasa aikin, za a mayar wa Baba gonarsa?" Na yi masa tsawa na ce wa ya gaya masa wannan shirme. Sa'an nan na fita waje na daɗe ban dawo ba. Malam, in ka kawo yarinyar nan, ka sani da kunnuwanta za ta zo.

A cikin wannan yawo ne na koyi abin da ya kamata in sani tun kafin in buɗe baki. Akwai ƙungiyoyin da aikinsu ke nan, ɗaukar yara masu ciwon zuciya daga ƙasashen da ba su da hali. A Faransa akwai Mécénat Chirurgie Cardiaque, wadda wata likitar zuciya mai suna Francine Leca ta kafa a 1996, su kan kai yaro can a yi masa aiki, ya zauna a gidan wasu masu sa kai har ya warke a mayar da shi. A Sudan akwai asibitin Salam da ke Soba kusa da Hartum, wanda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007, inda aka yi wa dubban mutane daga ƙasashe da yawa irin wannan aiki kyauta, kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya sa hanyar ta gagari baƙo. A nan gida akwai gidauniyar da Nwankwo Kanu ya kafa a 2000, shi da kansa an yi masa aikin ƙyauren zuciya a Amurka a 1996, 'yan watanni bayan ya ciyo mana zinariya a Atlanta. Kowaccensu layinta dogo ne, don masu bukata sun fi ƙarfinta. Amma abin lura shi ne, na ƙasashen wajen nan ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa su ke ɗauka ba. Takarda su ke dubawa, wadda likitan ƙasar yaron ya cika ya aika musu da hoton zuciyar. Ni da na ɗauko shi daga ƙasarsa, na raba shi da likitan da zai iya rubuta masa, na kawo shi inda shi baƙo ne. Ban ce da ya zauna lalle da an ɗauke shi ba. Na dai rufe masa wata ƙofa ban ko san tana nan ba.

Allah da ikonSa, wajen ƙarshen shekarar wata tawagar likitoci masu aikin sa kai ta zo wani asibitin koyarwa, aka rage kuɗin, abin da mu ka tara da bashin da na ci su ka kai. An so a gyara ƙyauren nasa, aka tarar ya lalace, sai aka sa masa na ƙarfe. In dare ya yi tsit ana jin ƙararsa, ƙyas, ƙyas. Da ya farfaɗo ya saurara, sai ya ce, "Kawu, agogo su ka sa mini." Ranar ce na fara ganin haƙoransa tun zuwansa.

Mun yi zaton an gama. Ashe nan aka fara. Mai ƙyauren ƙarfe sai ya sha maganin tsinka jini, wafarin, kowace rana har iyakar ransa. In ya yi yawa jini ya ɓalle, in ya yi kaɗan jini ya daskare a kan ƙyauren, ya toshe shi ko ya haura ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki. Saboda haka sai an riƙa auna jininsa a kai a kai ana daidaita maganin. Ko ganye irin su alayyahu da zogale ba a so ya ci da yawa yau gobe ya bari, don suna taɓa aikin maganin. Ga kuma allurar fenisilin duk bayan mako uku ko huɗu, shekara da shekaru, kada ciwon farko ya dawo ya ci sauran ƙofofin. Kai da taka mace ce, akwai ƙarin magana. Wafarin yana iya cutar da ɗan tayi, ƙyauren da a ke yi da tsokar dabba kuma, wanda ba ya bukatar wafarin na har abada, ya kan lalace da wuri a jikin yara, sai an sake aiki. Wannan zaɓi ne da ya shafi aurenta da haihuwarta, kuma ba kai ne mai yanke shi ba, iyayenta ne da likita.

To, a ƙauyen da babu wurin auna jini, yaya za a mayar da shi? Shi ya sa har yau yana wurina. Uwar ta koma tun da damina ta faɗi, ga goyo ga sauran yara. Yaron da ya yi karatunsa da Faransanci na sa shi makarantar Turanci, aka mayar da shi baya aji biyu, yana zaune da ƙannen bayansa. Na ce a kawo shi a yi magani, a zuciyata wata biyu ko uku. Ashe riƙo na ɗauka.

Wadda ta ɗauki riƙon na gaskiya kuwa ba ni ba ce. Uwargida ce ta kwana a kan benci a asibiti, ita ke dafa masa abinci dabam marar gishiri, ita ta san ranar allura. 'Yarmu ta fari ta zauna gida zango guda don kuɗin makarantarta ya tafi wurin jini da gwaji. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Sai wata rana da komai ya lafa ta ce, "Malam, ni ban ƙi yaron nan ba, ɗana ne. Abin da ya yi mini ciwo, kai ka ce to, ni ke tashi da dare." Ban sami amsa ba, don babu.

Kada ka ɗauka ina hana ka ne. Zumunta a ƙafa ta ke, kuma da za a mayar da ni daren nan da wayar ta shigo, ba zan ce wa ƙanwata ta yi haƙuri ba. Yaron yana raye, jiya ma na tsawata masa a kan ƙwallo. Abin da zan sake shi ne, da sai in ce mata, "Turo mini takardun tukuna." Takarda ba ta gajiya a mota, ba ta jin abin da a ke faɗi ta bayan bango.

Kai yanzu abin da ka sani duka shi ne "sun ce ciwon zuciya ne." Ciwon zuciya iri-iri ne. Akwai huji da a ke haihuwar yaro da shi, wani ya kan toshe da kansa, wani a yi aiki sau ɗaya a rabu da shi. Akwai irin namu. Akwai kuma wanda aiki ba ya yi masa amfani, wanda kawo yarinya a kansa raba ta da uwarta ne kawai a lokacin da ta fi bukatarta. Kuɗin motar da ka tanada, aika wa wanka shi ya kai ta a yi mata eko a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke nan Kumashi. In sakamako ya fito ya turo maka ta waya, ka ɗauka ka kai wa likitan zuciya na yara a babban asibitin jami'a da ke nan Ibadan, kusa da kai. Ka tambaye shi ko aiki zai yi amfani, ko za ta iya jure tafiyar, da abin da za a kashe, na aikin da na shekarun da ke bayansa. Ka kuma sani a Korle Bu da ke Ankara akwai cibiyar aikin zuciya ta ƙasar Gana, wadda Farfesa Frimpong-Boateng ya kafa tun 1989, ta kuma daɗe tana karɓar majinyata har daga maƙwabta. Yana yiwuwa ƙwarai maganin yarinyar nan ya fi kusa da ita a inda ta ke, a ƙasar da ita 'yar gida ce, kuɗin da za ka tara a Sabo kuma ya fi amfani in shi ya yi tafiyar.

In kuwa bayan duk wannan ta tabbata kawo ta ne mafita, to ka zauna da mai ɗakinka kafin ka bugo wa wanka waya. Sa'an nan ka gaya masa iyakar abin da ke hannunka, adadi da adadi, ko da zai rage ganin girmanka. Ni da na ɓoye nawa, gonar wani ce ta biya, kuma har yau ba mu gama fanso ta ba.

A watan jiya ƙanwata ta bugo. Ta ce autarta ta tashi da ciwon maƙogwaro, ba ta ko jira uban ya dawo daga kasuwa ba, ta goya ta sai likita, an yi mata allura. Mu ka yi hamdala. Sa'an nan ta yi shiru irin na wancan dare, ta ce, "Yaya, shi kuma yaushe zai dawo?"

Na ce mata ga shi nan kusa, bari in ba shi ku gaisa.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.